Shirun da Muka Yi wa Mai Tsofaffi

Kafin masu shaguna su gama sharar ƙofa, Baba ya riga ya buɗe garejinsa, ya turo baburan waje ɗaya bayan ɗaya, yana bin su da tsumma. Ba ya taɓa sabon babur, shi ya sa duk layin ke kiransa Mai Tsofaffi. In ka kai masa na zamani, sai ya ƙwanƙwasa robar jikinsa da yatsa, ya ce a kai wa masu liƙin bokiti.

Baburan da yake gyarawa duk na kamfani ɗaya ne, wanda ya rufe tun ina goye. In ka zauna a bencinsa, ko ba ka tambaya ba sai ka sha tarihi. Da keke suka fara, in ji shi, suka ɗaura masa ɗan inji, daga baya suka fito da mai giya a hannu, sannan mai jan tanki irin wanda mahaifina ya bar mini. Kayan gyaransu sun daɗe da ɓacewa a kasuwa, sai dai Baba ya goga ƙarfe da hannunsa har ya zauna daram. Ciwon inji kuwa da kunne yake gano shi. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido.

Baba, kai ne ka taɓa riƙe makullin babur ɗin wani malamin asibiti, ka ce ba zai hau ba sai an canza birki. Ya yi ta faɗa, ka bar shi ya gaji don kansa. Kai ne ka dube ni a gaban mutane ka ce ba injin ne ya lalace ba, hannuna ne ba shi da tausayi. Ba ka taɓa ɓoye wa mai babur gaskiya ba.

Bara kunnen ya fara yi masa nauyi. Mun lura, don sai ka gaishe shi ya amsa maka wata maganar daban. Ran nan ya gama gyaran babur ɗin wani tela, ya tayar da shi muna zaune. Wani ƙwas-ƙwas na fitowa daga cikin injin, kowa ya ji ban da shi. Ya dube mu yana murmushi, ya tambaye mu ko mun ji yadda ya koma sabo. Muka ce madalla. Har da ni, kuma muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Wai nauyinsa muke ji, wai wa zai iya ce wa dattijo kunnensa ya mutu.

Ba a rufa mako ba injin ya cije a kan titi, tela na ɗauke da matarsa. Suka zube, ta karye a hannu. Da aka turo babur ɗin, Baba ya kwance injin, ya daɗe yana juya ƙarfen da ya cinye. Ya tambayi tela ko ya yi ƙara kafin ya tsaya. Tela ya ce tun ranar da aka gyara shi yake ƙarar. Sai ya bi mu da kallo.

"Kun ji ke nan, ranar nan?"

Ya ajiye ƙarfen a kan benci, ya ce:

"Yarana, na tsufa ina gaya muku gaskiyar baburanku. Tawa guda ɗaya ce, ita kuka kasa gaya mini."

Da ƙafarsa ya je ya duba matar tela, ya ce laifinsa ne, bai ambaci kowa ba. Da ya dawo ya ce ya ajiye aiki, ba zai sake ɗora ɗan wani a kan abin da ba ya ji ba. Har yau in na tuna kunya ke rufe ni, don mu muka cancanci zuwa ba da haƙurin nan.

Mun gode, Baba, gwanin da bai jira an ce masa ya sauka ba. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma masu karatu, in kuna da dattijon da ya saba gaya muku gaskiya, ku yi koyi da shi, ku gaya masa tasa tun da wuri. Mu mun yi shiru, matar tela ce ta karye.