Sabitu Uku a Takardar Taki

Hansatu 'yar unguwar Ƙofar Ran ce a garin Bauchi. Allah bai ba ta tsawo ba, bai ba ta ƙiba ba, sai ya tattara komai ya zuba mata a maƙogwaro. Tana jaririya, in ta tsala kuka a ƙuryar ɗaki, masu alwala a bakin titi sai sun waiwayo. Da mai unguwa ya zo neman yaran da za a sa a boko, ubanta ya ɓoye 'ya'yansa maza a rumbu ya miƙa ta. Ba son ilimi ba ne, so yake gidan ya huta daga safe zuwa azahar. Haka ta gama aji bakwai da karatu da rubutu, yayyenta kuwa suka fito daga rumbu da ƙaiƙayi.

Ta auri Sabitu tela, mutum mai sanyi, wanda in ya yi atishawa sai ya ba ɗaki haƙuri. Shekara goma sha huɗu suna tare, ba ta taɓa kama sunansa ba. 'Yan matan yanzu ba za su gane ba, amma a lokacin mace mai tarbiyya ba ta faɗin sunan miji, ko da wani ne daban ke ɗauke da sunan. “Malam” take cewa, in ranta ya ɓaci ta ce “shi wannan”. Shi kuwa daga “Hansatu, ina hulata?” sai “Hansatu, ruwa”, sau talatin a wuni, bakinsa bai taɓa kumbura ba.

Bayan Bauchi ta zama babban birnin jiha, ofisoshi suka yi ta tsirowa, Hansatu ta samu aikin shara da dafa shayi a wani ofishin gona. Tana nan tana fama da tsintsiya, wata shekara gab da damina lasifikar ofishin ta mutu, ga rabon takin zamani a ƙauyen Inkil ya zo. Shugaban wurin, Oga Istifanus, yana zaune ya yi tagumi, sai ya ji wata murya daga tsakar gida tana yi wa akuya faɗa, har gilashin taga na rawa.

“Wace ce wannan?”

“Mai shara ce, Oga.”

“Ta iya karatu?”

Aka ce ta iya. Nan take ya yanke: kwana uku za ta yi tana kiran sunayen manoma. In ta yi daidai, ta ajiye tsintsiya ta zama akawu. In ta gaza, ta koma wa akuyarta. Hamma mai sito ya taɓe baki ya ce, “Mace a gaban manoma ɗari uku? Ɗanya za su cinye ta.”

Ƙa'idar kuwa guda ce: a kira suna da ƙarfi a gaban jama'a yadda yake a takarda, mai suna ya amsa, ya dangwala yatsa, ya ɗauki buhunsa, don kada gobe wani ya ce an yi rufa-rufa.

Ranar farko Hansatu ta hau benci a gindin mangwaro ta buɗe baki. Wani tsoho da ya shekara biyar yana cewa ya kurumce ya amsa tun kira na farko. Layi ya miƙe, aiki na gudu. Tana juya shafi na huɗu sai ta ci karo da sunan Malam. Sabitu, har uku, a jere! Na ukun ma nata ne, don yana da 'yar gonar gado a Inkil. Ta tsallake su kamar mai tsallake kwata, ta ci gaba.

Rana ta biyu Sabitu biyu na Inkil suka zo da fushinsu. Ta yi dabara irin ta gida, ta ɗaga murya ta ce, “Mai sunan Malam!”

“Wane malamin?” in ji taro. “Mu muka aura miki shi?”

Aka fashe da dariya. Hamma har da riƙe ciki. Oga Istifanus ya ja ta gefe.

“Malama Hansatu, ko a garinmu akwai wannan kunyar, uwata har ta rasu ba ta kira sunan babana ba. Amma takarda ba ta san kunya ba. Gobe ne ƙarshe. In ba ki kira su ba, ba ni da bakin kare ki.”

Da ta iso gida da la'asar ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya sa maƙwabta suka aiko tambayar ko lafiya. Sabitu na kan keken ɗinki a zaure. Ta tsaya a kansa.

“Malam, gobe ka aika wani ya karɓo maka.”

“Sauran biyun fa? Su ma in aika musu?”

Ashe labari ya riga ta zuwa. Ta ce, “To me mutane za su ce?”

“Me suka ce da kika hau benci?”

“Sun ce na yi fitsara.”

“To ai sun riga sun faɗa,” in ji shi, ya ci gaba da taka kekensa.

Washegari Inkil ta cika, har da waɗanda ko shukar barkono ba su da ita. Mata sun yi cirko-cirko a bayan danga, tallan ƙosai ya yi kasuwa. Hansatu ta hau benci, ta kai shafi na huɗu, wuri ya yi tsit. Can a layi ga Sabitu tela cikin farar rigar Juma'arsa, ran Laraba, ya karkata hula.

Ta yi bisimilla a zuci, ta rufe ido.

“Sabitu Toma!”

Wani ya amsa. Ƙasa ba ta tsage ba.

“Sabitu Mai Rake!”

Shi ma ya amsa, ya dangwala, ya wuce. Ta ja numfashi, sai ta sake shi gaba ɗaya, har jemagu suka watse daga kan mangwaron.

“Sabitu Ɗanlarai!”

Malam ya taho a hankali kamar ango, ya tsaya a gaban benci, ya kanga hannu a kunne.

“Malama akawu, ban ji sosai ba. A ƙara.”

“Sau ɗaya gwamnati ta ce. Dangwala ka ba mutane wuri.”

Wata tsohuwa a bayan danga ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Hamma ne ya ɗora wa Sabitu buhu a ka da hannunsa, fuskar nan kamar ya sha maɗaci. Oga Istifanus ya zare biro daga aljihunsa ya miƙa mata a gaban kowa.

Shekara ashirin da shida ta yi da wannan aiki. Ita ce ta lura zawarawa na zuwa karɓar taki da sunayen mazajen da suka daɗe a kabari, ta dinga damun Oga har aka yarda a rubuta kowace da sunanta. Ranar da ta fara kiran “Matta Irmiya!”, matar ta tsaya waige-waige tana neman wadda ake nufi.

A gida kuwa Malam ya koma Malam. Shi ya sa duk shekara, tun kafin hadari ya haɗu, yake fara tambaya, “Hansatu, yaushe ne rabon taki?”