Ƙirjin Tela

Ina tsakiyar yi wa wani direba gyaran fuska, kumfa cike da haɓarsa, wayata ta hau ruri a aljihu. Ba na ɗaukar waya da aska a hannu, amma da na leƙa na ga lambar Likita ce, mai duba abokina Tela, sai na ajiye askar. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Baba mai aski, Tela ya faɗi a barandar asibiti. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Sai haƙuri." Ta kashe wayar.

Allah ya yafe mini, kafin in yi salati, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ai na gaya masa!" Direban ya goge kumfarsa da kansa ya fita, rabin fuska a aske.

Ranar Talata ce. Laraba aka ba shi gado don a yi masa aikin zuciya. Kwana ɗaya tak ya rage.

Shekara ashirin da bakwai shagonsa yana jikin nawa, katako ɗaya ya raba mu. Ina jin kekensa na ɗinki, yana jin injin askina. Idan ya yi tari nakan ce masa sannu ba tare da na ɗaga kai ba. Siriri ne, tef a wuya kullum, allura a baki, kuma duk duniya ban ga mai hannu irin nasa ba. Aibinsa ɗaya, kalmar "gobe". Ka kai masa yadi, gobe. Ka dawo, gobe. Ka zo da faɗa, ya ba ka kujera, ya sa ka dariya, ka tafi da gobe a aljihu. Ni yana ce mini Gajere, ni kuma ban taɓa kiransa da komai ba sai Tela.

Tun yana yaro ya yi wani zazzaɓi mai kama gaɓoɓi. Ya warke, aka manta. Sai da ya haura talatin ya fara haki idan ya hau bene. Na matsa masa ya je babban asibitin da ake koyar da likitoci, kuma har yau ina cizon yatsa a kan wannan shawara tawa. Wani tsohon likita ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, ya yi shiru, ya sake ɗorawa, sannan ya aika a tattaro masa ɗalibai. Wai ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyar Tela ta tsuke, jini yana kutsawa da ƙyar, yana ba da wata ƙara. Tsohon ya ce wa ɗaliban, "Ku saurara da kyau. Abin da littafi ya kasa sa muku a kunne, ga shi nan a kwance."

Wannan magana ita ta ɓata mini aboki. Ya dawo shago yana tafiya kamar wanda aka ba sarauta. Ya leƙo ta ƙofata ya ce, "Gajere, ashe ni littafi ne."

Na ce, "Maganin fa? Sun ba ka?"

"Sun ba ni. Amma ka ji abin da na ce? Littafi!"

Daga nan duk ranar Alhamis sai ya rufe shago ya tafi a koyar da ɗalibai a kansa. Lokacin jarrabawar ƙarshe kuwa, kwana biyu yake yi a kan gado, ɗalibi ya shigo ya saurara ya faɗi abin da ya ji a gaban malamai, ya fita, wani ya shigo. Mutumin da bai taɓa gama rigar kowa a kan lokaci ba ya zauna rana guda ya ɗinka wa kansa riguna uku masu zif a gaba, don kada maɓalli ya cinye wa yara minti. Masu kaya suna tsaye a ƙofar shagonsa suna masifa, ni nake ba su haƙuri.

Yana da dokarsa da babu wanda ya rubuta masa. Ƙarar ba ta fitowa sosai sai ya juya ta gefen hagu, ya fitar da numfashi ya riƙe. A jarrabawa an hana shi magana. To ɗalibin da ya shigo ya gaishe shi, ya nemi izini, ya murza ƙarfen abin sauraron a tafin hannu don ya yi ɗumi, sai Tela ya yi kamar bayansa ya gaji, ya mirgina hagu a hankali. Wanda kuwa ya faɗo ya ja zif kamar yana buɗe jaka, sai Tela ya miƙe sambal kamar gungume, ya zuba wa silin ido.

Na ce masa, "Wannan ai satar amsa ce."

Ya ce, "Ina! Ladan gaisuwa ne."

Likitar da ta kira ni a cikin ɗaliban nan ta fito. Ranar jarrabawarta ta ruɗe har abin sauraron ya suɓuce ya faɗo masa a ciki. Ya karya doka ya raɗa mata, "Numfasa, 'yata. Ni ne marar lafiyar, ba ke ba." Ta ci jarrabawa, ta tafi ƙarin karatu, ta dawo likitar zuciya. Ita ce shekara huɗu da suka wuce ta zaunar da mu, ni da shi da matarsa, ta ce ƙofar ta tsuke fiye da kima, magani ya daina isa, sai aiki. Masu yin irin wannan aikin sau ɗaya suke zuwa a shekara, su yi mako biyu su koma. Kuma don jarrabawa ta Ubangiji, zuwansu yana faɗawa a watan jarrabawar ɗalibai.

Tambaya ɗaya ya yi. "Idan an gyara, ƙarar fa?"

Ta ce, "Za ta tafi, Baba. Ai abin da muke nema ke nan."

Ya hau naɗe tef a yatsa. Tun a nan na san mun shiga uku.

Shekarar farko ya ce yana da kayan makaranta na yara sittin a hannu, ba zai saɓa alkawari ba. Tela! Saɓa alkawari! Na yi dariya har da hawaye, ba don daɗi ba. Shekara ta biyu ya ce mura yake yi, ai ba a yanka mai mura. Amma murar ba ta hana shi kwanciya wa ɗalibai ba. Shekara ta uku ya gaji da ƙarya, ya ce, "Bari wannan ajin su fita, baɗi sai a yi."

A lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura. Ya tsaga bakin takalminsa da almakashi. Taka keken ɗinki ya gagare shi, sai ya koma yanka da ɗinkin hannu. Matarsa ta same ni a shago, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Mai aski, kai ne abokinsa. Ni na yi magana har bakina ya gaji. Matashi uku yake jerawa kafin ya iya kwanciya."

Na shiga shagonsa ban yi sallama ba. Na ce, "Ɗaliban nan kai ka haife su? Kana da naka uku a gida. Autarka ko sakandare ba ta gama ba."

Ya cire allura daga baki ya soke ta a kan matashin allurai. Ya ce, "Zauna, Gajere, tsayuwarka ba ta ba da tsoro." Na ƙi zama. Ya ce, "Ina da shekara tara mahaifiyata ta kai ni wani ƙaramin asibiti. Mutumin ya ɗora mini abin nan a ƙirji, ya ce ba komai. Akwai komai, kunnensa ne bai taɓa jin irinsa ba. Likita ta ce da ya gane, da allura kawai za a riƙa yi mini, ƙofar ba za ta lalace haka ba. To duk yaron da ya ji nawa ya riƙe, wata rana zai ɗora kunne a ƙirjin ɗan wani, a inda babu inji babu komai, ya gane."

Gaskiyar maganarsa ta fi komai ba ni haushi. Na fita na bugo masa ƙofa.

Kwana uku ban yi masa magana ba. A rana ta huɗu wata dabara ta faɗo mini. Na je wajen Likita na ce, yanzu da waya ma ake ɗaukar murya, ba za a ɗauki ƙarar zuciyarsa a ajiye ba, a sakar mana mutum? Ta ce ai makarantar ta riga ta buɗe wani ɗaki na koyo, akwai kwamfutoci cike da ƙarar zukata iri-iri, har da mutum-mutumin roba da ake sa wa kowace ƙara. Aka kira shi aka ɗauki tasa. Bayan mako biyu muka tafi mu uku a nuna masa, ina ta murna na gama da shi.

Ɗaki ne mai sanyi, tebura a jere, ɗalibai sun toshe kunnuwa. Likita ta sa masa abin ji a kai. Ya lumshe ido ya saurara. Ya ce, "Ni ne. Amma ranar da na yi barci mai kyau." Sannan ya taka zuwa gadon mutumin roba, ya sunkuya ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Yaya jikin?" Ɗalibai suka fashe da dariya. Ya juyo ya ce, "Idan yaro ya ɗora masa ƙarfe mai sanyi, zai zabura? Idan aka bar shi a buɗe aka juya ana hira, zai ji kunya? To ta ina za su koyi cewa akwai mutum a bayan ƙarar?"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, gaskiyarka. Amma na fi son in rasa littafi da in rasa ka. Bana idan ba a yi ba, ban san ko akwai baɗi ba."

A ƙarshe dai ya sauko. Ya ce ya yarda. Ta ce ya zo a kwantar da shi tun mako guda kafin aikin, a rage masa ruwan da ya taru, ya huta. Sai ga shi nan, gobe ta dawo. Ya ce Litinin da Talata jarrabawa ce, Laraba zai zo da jakarsa. Ta roƙe shi, matarsa ta yi kuka, ni na zage shi tas. Ya ce Laraba ko a fasa. Muka karɓi Laraba.

Likita ta ba ni labarin Talatar daga baya. Ɗalibai goma sha ɗaya suka shiga wajensa. Ta ƙarshe wata yarinya ce, ta gaishe shi, ta ɗumama ƙarfen, ya mirgina mata hagu. Ya ja zif ɗinsa, ya yi sallama da malamai, ya fito baranda ya zauna a benci zai sa takalmi. A nan ya kife.

Wajen ta'aziyya likitoci suka cika layinmu da motoci, wasu har da furfura. Kowa ya zauna sai ya ce a ƙirjinsa ya fara jin ƙarar. Na yi ta haɗiye magana har na kasa. Na ce, "Ku nawa ne nan? Duk kun san abin da ke cikin ƙirjinsa, amma aka rasa wanda zai ɗaure shi a gado?" Suka sunkuyar da kai. Likita ce kaɗai ta ɗago, idonta jajir, ta ce, "Baba, kai da ka yi shekara ashirin da bakwai da shi, ka iya?"

Ta ce ƙarar tana nan a ɗakin koyo, ɗalibai suna saurara, duk ranar da na so in zo. Ban je ba tukuna. Wandona yana rataye a shagonsa, ƙafa ɗaya ba kalmasa, wata biyar ke nan. Autarsa ta ce a kai wa wani ya ƙarasa, na ce a bar shi.

Ranar Lahadi da yamma, jajibirin jarrabawar, ya shigo in yi masa aski, don ba ya zuwa gaban ɗalibai da suma. Hawa kujerar ma sai da ya huta. Na gama, ina kakkaɓe masa wuya, ina ta mita, sai ya kama hannuna. Ya ce, "Gajere, ɗalibai sun fi dubu sun ji abin nan, kai ba ka taɓa ji ba. Sa kunnenka."

Na ce ba na so. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ya ja zif, ya karkata hagu a kan kujerar, ya ce, "Ga shi na mirgina maka, alhali ko gaishe ni ba ka yi ba."

Na sunkuya na ɗora kunne. Ƙirjinsa da ɗumi, duk ƙashi. Can ƙasa na jiyo ta, kamar kekensa idan ina jin shi ta bayan katako.

Ya ce, "Me ka ji?"

Na miƙe na juya masa baya ina wanke askar da na riga na wanke. Na ce, "Taurin kai na ji."

"Ka faɗi jarrabawa. Sai ka dawo baɗi."

"Baɗi babu ƙarar. Laraba za su gyara ta, ko da kuwa a kafaɗa zan ɗauke ka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sauko a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa yana mayar da numfashi. Ya ce, "To ka zo da wuri Laraba, ka riƙe mini jaka."

Na ce, "Wandona fa?"

Ya ce, "Gobe."