Naman da Rahmat Ta Kai Ajiya

Duk wanda ya taɓa kai markaɗe layinmu na Akurba ya san Rahmat, sai dai ba da wannan sunan ba. Amarya ake ce mata. Ta haura shekara goma a gidan Zulkifilu direban motar doya, amma har yau Amarya, don ba a samu yaron da za a ce mata Maman wane ba. Wai ladabi ne. Ni dai na ce wani ladabin ya fi zagi zafi.

Da can tana kuka. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta je wajen mai magani a Adogi, ta zaga asibitoci. Daga baya kukan ya ƙafe. Sai ta wuni gaban injinta tana tura tumatir da wake, ƙararsa ta hana kowa yi mata tambaya. In an yi suna ta je, ta ci shinkafa, ta dawo. Ba ta jin haushi, ba ta jin daɗi.

Da likita a Abuja ya ce saura dashen ƙwai, wanda suke kira IVF, Zulkifilu ya sayar da gonar da ya gada a Doma. Gonar ɗaya ce, don haka gwajin ma ɗaya ne. Aka ba ta alluran da za ta riƙa yi wa kanta a ciki, aka ce su zauna cikin sanyi har ranar farawa. Mu kuwa wutar Nepa baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe ka ta wuce.

Mutum ɗaya ke da sola a layin, Madam Sewuese, 'yar Tibi mai sayar da ƙanƙara. Rahmat ba ta son magana ta fita. Ciki ma ɓoye shi ake yi, balle nemansa. Ta naɗe kwalin alluran cikin baƙar leda ta kai mata.

"Madam, ajiye mini. Nama ne."

To nama ina ake sa shi? Sewuese ta tura shi can ƙasan firiza, ta danne da ƙanƙara, don ta kyauta mata.

Ranar farawa Rahmat ta kwance leda a ɗaki, ta tarar ruwan allurar ya zama dutse. Ta kira nas ɗin Abuja. Nas ta ce sanyi aka ce, ba daskarewa ba, sai dai a zubar. Rahmat ta ce to, na gode. Ta ɗauki ledar ta koma wajen Sewuese, ita kanta ba ta san me ya kai ta ba.

Sewuese ta leƙa ledar, ta dafe kai.

"Wannan ne nama naka? Haba Amarya! Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ta ja ta bayan labule. Ashe akwai ƙaramin firij a wurin, cike da robobin allura, kowacce an ɗaure ta da ƙyallen atamfa daban, ba suna.

"Wannan na wani malama ne. Wannan na Francisca, 'yar sanda. Wannan nawa ne, sau biyu na yi, bai kama ba. Wanda nashi ya rage, ba ya iya zubarwa, ba ya iya kai gida. Sai ya bari nan."

Ta ɗauki waya. Kafin magariba mata uku sun iso, ɗaya da hijabi har ƙasa, ɗaya da kakin aiki, ɗaya kuwa kullum tana kawo wa Rahmat markaɗe. Kowacce ta kwance robarta. Suka karanta wa nas suna da kwanan wata, aka ware waɗanda ba a taɓa buɗewa ba, suka kuwa isa. Sewuese ta goga wa Rahmat ƙanƙara a ciki, ta soka mata ta farko.

Aka ɗebi ƙwai, aka dasa, aka jira. Rahmat na gaban inji aka kira ta da sakamako. Ta kashe injin, ta saurara, ta sake tayar da shi, don wata mai wake na tsaye tana jiran ƙullin ƙosanta. Bai kama ba. Zulkifilu ne ya yi kuka. Ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, ita kuwa ta wanke injinta.

Ranar Lahadi matan kan taru bayan labulen, wasu sun taso daga coci, wasu sun idar da la'asar. Rahmat ta yagi bakin zaninta, ta ɗaure allurai biyun da suka rage mata, ta sa a firij. Ba wadda ta ce mata Allah zai kawo. Francisca ta matsa mata a benci kawai.

"Rahmat, zauna."

Ta zauna riƙe da zoɓo, ba ta sha ba. Ana nan sai ga sallama a ƙofa. Wata matashiya ce, kanta a ƙasa, da baƙar leda a hannu, tana cewa Madam ta taimaka ta ajiye mata kifi.

Rahmat ce ta fara miƙewa.

"Shigo ciki, ƙanwata. Kwance mu gani."