Malamar da Ta Zuba Aji Shida a Memori

Shekara talatin da biyar, kowace safiyar makaranta, Malama Bara'atu Sha'aibu kan fito daga gidanta da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda da jaka cike da murafen kwalba da guntayen karan dawa, ta hau kabu-kabu zuwa wata firamare a yankin Sakajiki. Da waɗannan tarkacen ta koyar da lissafi. Waɗanda suka zauna gabanta har yau suna tuna farin alli a gefen hijabinta, da yadda takan jefa tambaya ta harɗe hannu ta yi tsit, har sai mai kunyar cikin aji ya buɗe baki. A watan nan take ajiye aiki.

Shekarar da rashin tsaro ya sa aka rufe makarantar, tana da 'yan aji shida arba'in da ɗaya, jarrabawar shiga sakandare kuma saura wata biyar. Ta san wanda ya rasa jarrabawar nan, gona ko talla za su ɗauke shi, ba dawowa. Mu masu takardun digiri muna majalisa muna shan shayi, kowa na cewa sai gwamnati ta yi wani abu. Ita kuwa ta je ta ari tsohuwar kwamfutar ƙanenta Muhtari.

Muhtari ya yi dariya, ya ce Yaya da ko saƙon waya sai an buɗe mata. Ta ce, "Ni ba yaren inji niz zo koyo ba. Gwada mani inda za ni aje hoto da inda za ni magana." Ya ɗora mata manhajar haɗa darasi ta kyauta, irin wadda ba ta buƙatar rubutun masana kwamfuta: ka jawo hoto ka ajiye, ka ɗauki muryarka, ka maida shi bidiyon da ƙaramar waya za ta iya kunnawa. Mako biyu tana fama. Sau uku ta goge aikin yini guda da hannunta.

Da darasin farko ya kammala, Muhtari ya yanke duk wuraren da ta yi shiru, wai suna ƙara wa bidiyon nauyi. Ranta ya ɓaci. Ta ce a wannan shirun yaro ke ba da amsa, ya maida mata abinta.

Sai batun isar da darasin ƙauyukan da ko layin waya ba ya zama. Ta tafi Kasuwar Daji wurin Sodangi mai cajin waya da tura waƙoƙi a memori, ta ce duk wanda ya zo a tura masa waƙa a haɗa masa da lissafi. Ya fara kukan masu saye za su gudu. Ta ce, "Sodangi, kai da nish share ma majina kana aji ɗaya?" Ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Hussaina, mahaifiyar wata ɗaliba, ta ce ta tarar da ɗiyarta a gindin turmi, waya jingine da taɓarya, tana cewa, "Bakwai ne, Malama," har da rusunawa.

Talatin da uku suka ci jarrabawar.

Malama, ke ce kika kunyata mu. Ke ce kika koyi sabon abu da furfura a kanki, ba taron bita, ba alawus. Uwar aji, mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki, Ya sa wannan aiki a mizani.

Ku kuma malamai matasa masu manyan wayoyi, hujjar ta ƙare. Ku haɗa darasi ɗaya kafin Juma'a. Yara takwas ɗin da ba su samu shiga ba, Malama ta riƙe sunayensu da ƙauyukansu, tana jiran wanda zai zo ya tambaye ta.