Butar da Aka Ɗaura wa Jan Ƙyalle

Abubuwa da yawa sun faru a Bangui a shekarar da sojoji suka yi ta bore, kuma yawancinsu sun fara dushewa a kaina. Ko ƙarar bindigogin yanzu sai na yi da gaske nake tuno ta. Amma akwai wata butar roba koriya da aka ɗaura wa jan ƙyalle a hannu, ita kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta bar zuciyata ba.

Lokacin muna haya a Kilomita Biyar, unguwar da muke kira Sankilo, a wani lungu bayan titin Koudoukou. Ɗaki biyar ne a gidan, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, sai salga ɗaya can a kusurwa mai ƙofar kwano. Mai gidan wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Hajiya. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Kamaru, don haka yawancin kwanaki daga ni sai 'yata mai shekara uku. Iyayena suna can wani gari mai nisa. Wadda na ɗauka tamkar 'yar'uwa ita ce matar tela ta ɗakin kusa da namu. Duk Alhamis ni nake mata kitso, ita ma ta yi mini.

Kafin rikicin ya tsananta gaɓoɓina suka kumbura, har muciya ba na iya riƙewa. Likita a cikin gari ya sa ni kan wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da ake kira kotizon, ya haɗa mini da wani maganin ciki a 'yan ƙananan ledoji, ya ce kotizon yana cin ciki. Cikin mako guda yatsuna suka saki. Sai dai bayan gida ya tsaya mini cak. Sai in yi kwana uku, huɗu, ciki kamar an cusa dutse. Da na koma ganinsa ya tambaye ni, "Akwai abin da ya canza a jikinki?" Na sunkuyar da kai na ce, "Babu, likita, sai godiyar Allah." Na yi sakandare, Faransancin da zan faɗa masa yana bakina tsaf. Amma in dubi namiji in yi masa zancen bayan gida? A lokacin gani nake mutuwa ta fi sauƙi.

Ana haka aka sake tayar da bore, wanda ya fi na baya daɗewa. Aka tare hanyoyi, asibitin ya koma can bayan shingayen sojoji, maigidana kuma ya maƙale da motarsa a bakin iyaka, babu ko saƙo. Kotizon ina da shi da yawa, amma maganin cikin ya ƙare, ƙwannafi ya taso mini kamar ana hura garwashi a ƙirjina. Wata safiya da harbi ya lafa na leƙa Koudoukou, na sami wani mai tebur yana sayar da magunguna. Ya miƙo mini kwalba mai farin ruwa kamar nono. "Na ciki ne, Madam," in ji shi, "duk abu ɗaya ne." Yana kashe ƙwannafin kuwa nan take. Sai na mai da shi abokin zama, da na ji zafi in kurɓa, sau biyar, sau shida a rana, ba cokali ba awo.

Ranar farko da cikina ya saki har hamdala na yi. Kashegari bai tsaya ba. Mako ya zagayo bai tsaya ba.

Wanda bai zauna gidan haya a kwanakin nan ba ba zai gane ba. Babu kasuwa, babu makaranta, babu mai zuwa ko'ina. Matan gidan duk suna kan tabarma a tsakar gida daga hantsi har magariba, ana tsinkar ganyen rogo, don mun haɗa ɗan abin da muke da shi muna dafa tukunya ɗaya. Ni kuma duk fitar da zan yi sai na ratsa ta gabansu da buta a hannu. Ƙofar kwanon nan tana da ƙara, ƙiiii, kamar mai shela. Da farko ana ce mini sannu. Daga baya sai hira ta riƙa yankewa in na fito, in ji idanu a bayana. Na san ana ƙirgawa, don ni ma ƙirgawa nake yi.

A Bangui ta wancan zamani, mace mai zawon da ba ya tsayawa, ga hannuwa sun fara bushewa, ga miji direban dogon zango, ba sai an ƙarasa zancen ba. Sida, wato ƙanjamau. Babu wadda ta furta kalmar a gabana, ko sau ɗaya. Da ma sun furta, da na sami abin amsawa.

A hankali abin ya zo, kuma da fuskar kirki. Hajiya ta ce, "'Yata, ki huta da girkin nan, jikinki ba ƙarfi." Sai kwanona ya daina shiga cikin sauran wurin wanke-wanke. Sai aka ce yarinya ta riƙa cin abinci da jikokin Hajiya, daga nan ta riƙa kwana can, wai don in samu in huta. Alhamis ta zo ta wuce, matar tela ta kai kanta ga wata. Sannan wata rana bayan azahar na fito na gan ta tsugune wurin da muke jera butoci, tana ɗaura wa tawa wani guntun jan ƙyalle daga ragowar ɗinkin mijinta. Muka haɗa ido.

"Kar ki ɗauka da wani abu, 'yar'uwa," ta ce, "don kar su cakuɗe ne."

Shekara biyu butocinmu suna cakuɗewa, bai taɓa damun kowa ba. Na ce, "Na gode." Wallahi abin da na ce ke nan.

Na koma ɗaki na saki labule. Alwala ba ta tsaya mini, sai in tayar da salla in yanke, in sake, har na ji kamar ko a gaban Ubangijina an sa mini jan ƙyalle. Ina jiyo dariyar 'yata a waje, ba na iya kiranta. Abin da ya fi muni, wanda har yau nake neman gafara a kansa, shi ne na yarda da su. Da na yarda kuwa sai na fara neman mai laifi. Rigar maigidana tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, da can in kewa ta dame ni nakan sa fuskata a cikinta. Na sauke ta na tura ƙarƙashin akwati. Mutumin da ko ɗaga mini murya bai taɓa yi ba, na yanke masa hukunci ni kaɗai, yana can bakin iyaka bai san ana yi ba.

Daga nan na ce me zai sa in yi ta jinyar gaɓoɓi, ni da ke hanyar kabari? Na daina shan kotizon rana ɗaya. Farar kwalbar kuwa na ci gaba da ita.

Kwana na uku da safe na je famfo, na ga tsakar gidan tana juyawa, sai na ji ni a ƙasa. Ban suma gaba ɗaya ba. Ina ganin ƙafafunsu sun kewaye ni, ina jin salati, wata tana yayyafo mini ruwa daga nesa. Babu hannun da ya taɓa ni. Amma zan faɗi gaskiyar Hajiya: ita ta yafa mayafi, da ciwon gwiwarta da komai, ta taka har unguwar Miskine ta ɗauko wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kirista, da ke duba mata hawan jini. Maman kawai ake ce mata.

Maman ta iso tana haki. Ta sa hannu a hamatata ta ɗaga ni kamar jaririya, ta kai ni kan gado. Ta fito ta dubi jerin butoci, ta ɗauki mai jan ƙyallen, a gaban kowa ta wanke hannu da fuska da ita har da kuskure baki. Sannan ta dawo ta zauna a gefena, da Hausarta mai gauraye da Sango, yaren ƙasar.

"Yarinya, kawo duk yoro da kike sha," wato magani. Na nuna mata kan akwati. Ta ɗaga kwalbar, ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau. "Sau nawa a rana?"

Na faɗa mata.

"Sau shida! Wannan ko shingen sojoji aka zuba wa sai hanya ta buɗe. Yaushe zawon ya fara, kafin kwalba ko bayan kwalba?"

Na lissafa kwanakin. "Kashegarin da na saye ta."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan... ba na yi ma sam. Tun da na fara na ledan."

"Kin gaya wa likita? Kunya, ko? Ku da kunyarku." Ta tambaye ni kalar abin, ko baƙi ne kamar kwalta, ko da jini, tana tambaya kamar mai tambayar farashin gishiri. Na ce a'a. Da ta ji na yanke kotizon kuwa, nan faɗan ya tashi. Ta ce shi ne ya kayar da ni, kuma da na ƙara kwanaki da sai dai a yi zaman makoki. Ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan. Ta sa na haɗiye a gabanta bayan ta ba ni kunu, ta dama mini ruwan gishiri da sukari, ta jefa kwalbar a jakarta.

Na kama hannunta na ce, "Maman, ke nan ba cutar nan ba ce?"

"Ni ba na gani da ido. In hanya ta buɗe ki je a auna jini, ke da mijinki." Sai ta ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji. "To in ma ita ce fa? Sai a bar mutum kwance a bakin famfo? Ba a ɗaukarta a buta!"

Cikin 'yan kwanaki cikina ya daidaita. 'Yata ta dawo ɗaki. Matar tela ta zo da almakashi za ta yanke ƙyallen, tana kallon ƙasa, na ce ta bar shi.

Da aka yi sulhu maigidana ya dawo a rame, muka je aka auna mu, ba a ga komai ba. Ran nan na gaya wa likita duk abin da na ɓoye, ya canza mini maganin cikin. A gida na zaro rigar daga ƙarƙashin akwati, duk ta yamutse, na faɗa wa maigidana dalili, na ce ya yafe mini. Ya karɓi rigar. Sannan ya ce, "Ke kaɗai kika ɗauki wannan duk tsawon kwanakin nan?" Bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu.

Na koyi cewa abin da jiki ya canza bayan an fara magani, ko a ina yake, a faɗe shi ga mai ilminsa, don kunyata ta kusa kashe ni. Amma babban darasin sai bayan shekaru ya cika. Matar tela ta kwanta, ita kuma da gaske ciwon ne, an auna an gani. Na ga kwanonta ya fara zama gefe guda. Sai na ɗauki butata, da jan ƙyallenta da ya koɗe ya zama kamar ƙasa, na shiga ɗakinta na ce, "Tashi, 'yar'uwa, yau Alhamis." Na yi mata alwala da ita, na kwantar da kanta a cinyata na fara tsefe mata gashi. Har Allah Ya karɓi abinSa, da buta ɗaya muke amfani.