Ranar da Mama ta miƙa wa mai haraji fartanya

Ɗazu a cikin keke na ji ana gardama kan sa haraji a kuɗin makarantu masu zaman kansu. Sai na kama dariya ni kaɗai, na tuna Mama.

Farkon shekarun 1990 ne, ina firamaren majami'armu a bayan Kafanchan. Iyayen da ba su da hali, noman gonar cittar makaranta suke yi a madadin kuɗin. Mama na cikinsu.

Ran nan wani jami'in haraji ya faka babur a bakin gonar, ya ce tunda makarantar kuɗi ce, dole gwamnati ta samu kasonta daga abin da iyaye ke biya.

Mama ta miƙe, ta share gumi, ta miƙa masa fartanyarta.

"Ɗana, mu da wannan muke biya. Ga kason gwamnati can, daga nan zuwa gindin mangwaro. Cire takalmi."

Matan da ke noma tare da ita suka ɗauki guɗa. Mutumin nan ya dubi ciyawar, ya dubi farin wandonsa, ya tada babur. Ba mu ƙara ganinsa ba.

Yau ni, 'yar mai fartanyar nan, malama ce. Ban ce kar a karɓi haraji ba, amma a fara duba tafin hannun mai biya.

Ku fa, da me aka biya naku kuɗin makarantar?