Ruwan da Na Ɗebo wa Kawu daga Cek

A gidan kawuna a Largo, nan ƙasar waje inda muke zaune, akwai wani kofi da ba a taɓawa. Farin tangaran ne, ɗan siriri, mariƙinsa kuma shi ne bakinsa, kamar na buta, ta nan ake zuƙa. Daga ƙasar Cek ya zo da shi. Yana saurayi aka tura su can koyon aikin injina, gyambon ciki ya kama shi, likitan makarantarsu ya aika shi wani gari, Karlovy Vary, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ya sha ruwan nan na 'yan makonni, cikin ya lafa. Labarin nan na ji shi har na haddace. Ko shayi aka miƙa masa da zafi sai ya ce bai kai na can ba.

Da ƙodarsa ta daina aiki, ni aka ɗora wa kai shi wankin ƙoda, tunda ni ne ba ni da tsayayyen aiki. Makaranta na bar ta ban gama ba. Na yi dako a wani sito a Bowie, na yi wankin mota a Springfield, na yi aikin kai wa mutane abinci gida. Ba korata ake yi ba. Ina tashi da safe ne kawai in ji wurin ya ishe ni. Kawu ya sa mini suna sarkin yawo, kuma bai taɓa faɗa da fushi ba.

Injin wankin nan yana cinye mutum. Zai shiga yana zolayar nas, ya fito fuska ta yi toka-toka, in riƙe shi zuwa mota kamar kayan wanki. Ruwa ma an ƙayyade masa. Mutumin da yake shanye butar shayi shi kaɗai ya koma tsotsar ƙanƙara.

Matarsa, da muke kira Anti, ita ta kawo maganar. Mun dawo daga asibiti da rana, yana kwance a doguwar kujera, ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Alhaji, ruwan nan da ka ishe mu da shi. Ba shi ya warkar da kai ba?"

"Ciki ne wancan."

"Ciki da ƙoda duk ba a jiki ɗaya suke ba? Tunda kai ba za ka iya tafiya ba, ga wannan nan. Yawo dai yake so, to ya yi mai amfani."

"Ba a ɗauko shi, Hajiya."

"Zamzam ma daga Makka ake kawo shi, wa ya ce ya lalace?"

Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya kalle ni, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To, ya je." Ni kuwa tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa aikena abin da ya wuce shago ba. Anti ta sa a ranta ruwan nan zai raba mijinta da injin, ni ma na sa. Abokansa direbobi suka haɗa mini tikiti. Ta cusa mini gorunan roba a akwati, ta naɗe su da tsofaffin zannuwanta.

Garin yana cikin kwari, tsakanin duwatsu da itatuwa masu duhu. Na sauka daga bas ana yayyafi. Gidajen kala-kala ne, ruwan ƙwai, ruwan hoda, shuɗi, kamar kek ɗin biki, amma sararin sama ya yi baƙi, duk sai suka yi mini kama da an yi kwalliya ba a zo ba. Akwai ƙaramin kogi a tsakiyar gari yana tururi. A gefensa aka yi dogayen rumfuna masu ginshiƙai, a ƙarƙashinsu famfuna suna zuba ba tsayawa, bakin kowanne ya yi ja kamar tsatsa.

Abin da ya fara ba ni haushi tafiyar mutanen. Tsofaffi ne yawanci, Turawa da Larabawa, kowa da irin kofin Kawu a hannu. Su tara kaɗan, su zuƙa, su taka a hankali zuwa ƙarshen rumfa, su juyo, su sake zuƙa. Ba mai sauri, ba mai ɗaga murya. Kamar masu rakiyar gawa. Na tara a tafin hannu na kurɓa, na kusa tofarwa. Gishiri-gishiri ne, da ƙarnin ƙarfe, kamar ka tsotsi tsohon makulli.

Na fito da gorata na kafa a famfo. Kafin ta kai rabi ta fara lanƙwashewa a hannuna don zafi. Layi ya taru a bayana. Wata tsohuwa mai jar hula ta taɓa mini kafaɗa, ta girgiza kai, ta ɗaga kofinta ta nuna mini, ta yi taku biyu a hankali tana zuƙa, ta sake nuna gorata ta girgiza kai. Na ɗauka layin take yi wa ƙorafi. Na ce mata sori, na koma wani famfon da bai kai wannan zafi ba, na cika gorunan duka. Jakar ta yi nauyi har igiyarta ta ci mini kafaɗa.

A hanyar komawa masauki na ci karo da masu rawa a wani fili. Mata da manyan siket ja, hannun riga fari a kumbure, an yi masa aiki da zare. Maza da gajeren wando ruwan ɗorawa da dogayen takalma. Wani dattijo yana matsa wata salka a hammata, an sassaƙa mata kan akuya, tana kuka kamar algaita mai mura. Yayyafi yana dukansu, masu kallo ba su da yawa, amma suna juyi suna buga ƙafa kamar filin a cike yake. Na tsaya kaɗan. Sai na tuna ruwan yana hucewa a bayana, na wuce. Sauran kwanakin a ɗaki na yi su, ina kallon waya, ina jiran ranar jirgi. Aikin da aka aiko ni na gama.

Da na buɗe akwatin a falon Kawu, Anti ta yi bismilla ta warware zanin. Ruwan da na tara garau ya koma kamar na kwatami. Ya gurɓace, wani jan gari ya kwanta a gindin kowace gora. Ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken taga.

"Ƙarfin maganin ke nan," in ji ta.

Ta ɗumama kaɗan a tukunya, ta sauko da kofin nan daga kan firij, ta zuba masa abin da bai wuce cokali ba, don ita ma tana tsoron nas. Ya shinshina. Ya taɓa da harshe. Ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ajiye. Ta ce tunda ba a bari ya sha da yawa, za ta riƙa shafa masa a baya da ƙafafu safe da yamma. Ta kwashi gorunan ta yi kicin tana ta godiya ga Allah.

Ya jira har muka ji ta kunna famfo.

"Zo nan, sarkin yawo. Ka hau dutsen?"

"Wane dutse, Kawu?"

"Akwai ɗan jirgi da ke jan mutane sama. Daga can kana ganin garin duka, da hasumiya."

"Ban hau ba."

"Wainar nan fa, mai faɗi kamar faifai, siririya, da ake ba ka da ɗumi a takarda?"

"Na ga ana sayarwa."

"Ka ga ana sayarwa." Ya gyaɗa kai. "Inda ruwan ke tsalle sama fa, ya fi tsayin gidan nan?"

Shi ma ban gan shi ba. Na wuce ta ƙofar wurin da jakata, ban leƙa ba.

"Ruwan fa, Kawu? Zai yi?"

"Ruwan nan ya mutu tun kafin ka kai masauki. A bakin famfo ake shansa, da zafinsa, kana takawa. In ya huce ya zama ruwan tsatsa. Kuma ko da zafinsa ne, mai ƙoda irina ba abin da zai yi masa sai illa."

"To me ya sa ka bari na je?"

"Na ce ko wani nawa ya ga wurin. In samu wanda zan yi hirar da shi." Ya gyara filo. "Ba komai. Me ka gani?"

Na ba shi labarin masu rawa. Da na zo kan salka mai kan akuya sai ya ɗan yi murmushi, ya ce tana nan ashe, ya tambaye ni ko matan suna ɗaura ɗankwali mai fure. Na ce ina jin haka. Ya tambayi wace waƙa suka yi. Ban sani ba. Na gaya masa abin da tsohuwa mai jar hula ta yi mini, ya ce gaskiya take gaya maka. Daga nan labarina ya ƙare. Na yi ta lalube a kaina ko akwai saura, babu. Ya rufe ido.

"Kar ka gaya wa antinka," ya ce.

Ban gaya mata ba. Kullum safe da yamma tana ɗumama ruwan, ta zauna a bakin gado ta shafa masa a ƙugu da ƙafafu tana addu'a, shi kuma ya miƙa mata ƙafar ba musu. In an tambaye ta a masallaci sai ta ce ana ganin sauƙi. Ni kuwa ni nake ɗaga shi zuwa mota, na san yadda yake ƙara rashin nauyi a hannuna.

Ganye ya zube, sanyi ya shigo. Wata safiya na zo ɗaukarsa, na sa shi a gaba na ɗaura masa bel. Anti ta biyo mu har bakin mota da bargo, ta lulluɓe masa gwiwa. Ta leƙo ta tagata.

"Saura gora ɗaya fa. Yaushe za ka koma?"

Na kalli Kawu. Ya juya fuska yana kallon motocin maƙwabta da suka yi raɓa.

"Sai mun yi magana, Anti," na ce, na tayar da mota.